Ina magani yake zuwa bayan an haɗiye shi?

Wata baiwar Allah daga Anguwar Rogo ta aiko mini da tambaya a kan mahaifinta. Ya shiga wata na biyu yana shan maganin tarin tibi. Kafin nan ya yi shekaru yana shan nifedifin saboda hawan jini, jinin kuma yana zaune lafiya. Tun da aka ɗora shi a kan sabon maganin sai awon jinin ya riƙa hawa, fitsarinsa ya koma ja, ga sanyin Jos ya sa kullum yana cikin shan na mura. Wani maƙwabci ya ce musu hanta ce ta cika da magani, a nemo masa na wankin hanta. Tana so ta sani: da gaske magani taruwa yake yi a hanta? Kuma me hanta take yi da abin da muke haɗiya?

'Yar'uwa, sannu da jinya. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da alheri. Aikina harhaɗa magunguna ne, na daɗe ina yin sa a garin nan, kuma abin da kika bayyana ba baƙo ba ne a wurina. Kafin dogon bayani ga na gaggawa: kada a sayi na wankin hantar nan, kada Baba ya tsallake maganin tibi ko na kwana ɗaya bisa ra'ayin kansa, kuma cikin makon nan ki tattara duk abin da yake sha a leda guda, har da na mura da jiƙe-jiƙe in akwai, ku koma inda yake karɓar maganin. Idan kuwa farin idonsa ya yi rawaya, ko yana ta amai, to ba maganar mako ake yi ba, yau za ku tafi. Sauran bayanin domin ki san dalili ne, ki kuma iya yi wa likita tambayar da ta dace.

Mutane da yawa suna ɗaukar hanta kamar rariyar tankaɗe: gari ya wuce, tsaki ya tsaya, sai an kakkaɓe. Da haka take, da maganar wanki ta yi ma'ana. Amma hanta ba ta tace magani ta ajiye, sauya shi take yi. Abin da ya shiga da kama ɗaya sai ya fita da wata, yadda gero yake shiga gida ya fito fura. Waɗannan sababbin abubuwa da hanta take samarwa daga jikin magani su ne muke kira metabolayit a asibiti. Ni 'ya'yan magani nake ce musu idan ina yi wa masu jinya bayani, domin daga gare shi suka fito, amma ba lalle ne su ɗauko halinsa ba.

Hanta tana ƙarƙashin haƙarƙarin dama, nauyinta a jikin babba kusan kilo ɗaya da rabi. Jinin da yake ratsa ta a kowane minti ya kai wajen lita ɗaya da rabi, kuma kashi uku cikin huɗu na jinin nan daga wajen hanji yake zuwa ta wata babbar jijiya. Ma'ana, kusan duk abin da hanji ya tsotsa, tuwo ne ko ƙwaya, ba ya isa zuciya balle sauran jiki sai ya fara biyawa ta hanta. A nan take cire rabonta, kamar dillalin da yake cire la'ada kafin kuɗi ya kai hannun mai kaya. Wani maganin la'adarsa kaɗan ce, wani kuwa kusan duka ake cinyewa. Mofin, maganin raɗaɗi mai ƙarfi da ake ba masu ciwon daji, idan aka sha ta baki wajen kashi ɗaya cikin uku ne yake tsira, shi ya sa awon na baki ya ninka na allura. Ƙwayar nan ta ciwon ƙirji da masu ciwon zuciya suke sawa ƙarƙashin harshe, in an haɗiye ta kusan ba abin da zai kai jini. A ƙarƙashin harshe kuwa tana shiga jini kai tsaye ba ta bi ta gidan dillali ba. Nifedifin ɗin Baba, a lafiyar Allah, kusan rabinsa ne yake tsallakewa, kuma da wannan rabin aka yi lissafin ƙwayar da ta riƙe masa jini shekara da shekaru. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Me ya sa ma sai hanta ta sauya magani? Ki tuna kwanon da aka ci abinci da manja. Ki zuba masa ruwa zalla sau goma, maiƙon yana nan. Sai an sa sabulu ruwa yake iya ɗauke shi. Yawancin magunguna masu son maiƙo ne, dole kuwa, don da wannan halin suke iya ratsa bangon hanji su shiga ƙwayoyin jiki, wasu har ƙwaƙwalwa. Ƙoda kuma da ruwa take aiki. Tana tace ruwan jini kusan lita 180 a yini, ta mayar da kusan duka cikin jiki, abin da yake fita fitsari bai wuce lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Magani mai son maiƙo, ko ƙoda ta tato shi, sai ya sulale ya koma jini tare da ruwan da aka mayar. Ba don hanta ba, wata ƙwayar da aka sha yau za ta yi makonni tana yawo a jiki. Aikin hanta shi ne ta mayar da mai son maiƙo ya zama mai son ruwa, yadda zai bi fitsari, ko ya bi ruwan maɗaciya ya sauka hanji ya fita da bayan gida.

Hawa biyu take yin aikin, kuma wani masani ɗan Birtaniya, Richard Tecwyn Williams, shi ya fayyace rabon nan a 1959. A hawa na farko ana ɗan taɓa jikin maganin, galibi a liƙa masa iskar oksijin ko a gutsire wani yanki, kamar a yi wa ƙwarya huda don a sami wurin zura igiya. A hawa na biyu sai a ɗaura masa wani abu mai son ruwa a wurin hudar: wani dangin sukari da ake kira gulukuronik asid, ko salfet, ko wani sinadarin kariya mai suna gulutatayon. Da zarar an ɗaura, yawanci ƙarfinsa ya ƙare, sai fita. Wasu magungunan da hudarsu suke zuwa, sai su wuce hawa na biyu kai tsaye. Wasu kuma hanta ba ruwanta da su, yadda suka shiga haka ƙoda take fitar da su, irin su metfomin na ciwon suga da lisinofiril na hawan jini. Hawa na biyun nan bai gama nuna ba a jikin jariri sabon haihuwa, yana cikin dalilan da suke sa jarirai shawara a makon farko, kuma shi ya sa a ƙarshen shekarun 1950 aka yi asarar jarirai a Amurka da aka ba kuloramfenikol, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, da awon da hantarsu ba za ta iya ba. Jariri ba ƙaramin babba ba ne da za a gutsira masa ƙwayar manya.

Masu aikin hawa na farko wasu sinadarai ne da jiki yake ƙerawa, dangin inzayim, ana kiran gidansu sitokurom P450. Wasu Japanawa biyu, Omura da Sato, suka raɗa sunan a 1962, lambar kuma daga irin hasken da sinadarin yake tsotsa a na'urar awo aka samo ta. Ɗan Adam yana da iri 57, amma 'yan ƙalilan ne suke ɗauke da nauyin magunguna. Ki ɗauke su kamar injinan niƙa a unguwa, kowane inji da irin hatsin da yake karɓa. Babban cikinsu ana kiransa CYP3A4, yana cikin hanta da kuma bangon hanji, kuma tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi na magungunan da muke bayarwa a layinsa suke tsayawa. Nifedifin yana cikinsu. Duk rikicin haɗuwar magunguna kusan a nan yake: wa ya tare layi, wa ya ƙaro inji, wa kuma aka haifa da injin da ba ya ja.

'Ya'yan da suke fitowa ba halinsu ɗaya ba. Mafi yawa ba su da wani ƙarfi, fita kawai suke jira, kuma su ne masu gwajin fitsari irin na NDLEA suke nema, don sukan daɗe bayan uban ya tafi. Wasu kuwa suna aiki kamar uban ko su fi shi. Atemeta da ke cikin maganin zazzaɓin cizon sauro, hanta tana mayar da shi wani sinadari da shi ma yake kashe ƙwayar cutar. Amodiyakwin da ake ba yara a damina don rigakafi yakan ɓace daga jini cikin sa'o'i, ɗansa ne yake zama kwanaki da yawa yana gadi. Diyazefam, na barci, yana haifar ɗa mai daɗewa kwanaki, shi ya sa tsoho zai sha ƙwaya ɗaya daren Litinin, ranar Laraba yana tangaɗi ana cewa tsufa ne.

Kodin shi ne misalin da ya fi damuna. Shi kansa ba shi da wani ƙarfin a zo a gani. Hanta ce take mayar da ɗan kaɗan daga cikinsa mofin, ta wani inji mai suna CYP2D6, kuma ƙarfin injin nan gado ne. A cikin Turawa mutum 5 zuwa 10 cikin 100 ba su da shi sam, su kodin ba ya kashe musu ciwo. A Habasha kuwa an tarar kusan uku cikin goma injinsu yana gudu fiye da ƙima. Irin waɗannan, awon da wani zai sha ya kwana lafiya shi zai danne musu numfashi. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma ba a gane wannan a fuska. Tiramadol ma ta wannan injin yake bi ya haifi ɗan da ya fi shi ƙarfi. Tun watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana shigowa da haɗa maganin tari mai kodin, amma har yanzu ina ganin matasa suna auna kansu da abin da aboki ya sha bai faɗi ba. Hantar abokinka ba taka ba ce. Don wannan dalilin ne kuma ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 12 kodin, ba a kuma ba mai shayarwa.

Sai kashi na uku, ɗan da yake fitowa guba, kuma a nan nake so ki tsaya da kyau, saboda kin ce Baba yana yawan shan na mura. Farasitamol magani ne mai kyau, ni ma shi nake sha. Idan aka sha shi bisa ƙa'ida, wajen kashi 90 cikin 100 hawa na biyu yake wucewa kai tsaye, a ɗaura masa sukarin nan ko salfet ya bi fitsari. Ɗan abin da bai wuce kashi 5 zuwa 10 ba shi yake faɗawa injin hawa na farko, ya fito wata guba da ake kira NAPQI, mai ƙona ƙwayoyin hanta. Allah da ikonsa, hanta tana da rumbun gulutatayon da take kama gubar nan da shi nan take, ba a ko sani ba. Matsala tana farawa ne idan farasitamol ya yi yawa: hanyar lafiya ta cika, ragowar ya karkata zuwa hanyar guba, rumbu ya ƙare, gubar ta koma kan hantar da ta haife ta. Iyakar babba mai lafiya giram 4 ne a awa 24, wato ƙwaya takwas ta miligiram 500, biyu-biyu, da tazarar awa huɗu zuwa shida. Wanda ya tsufa, ko ya rame, ko ba ya iya cin abinci, ko yake shan giya, rumbunsa bai kai na kowa ba, iyakarsa tana ƙasa da haka. Mai tarin tibi sau da yawa ya haɗa biyu ko uku daga cikin waɗannan.

Abin da na fi gani a lokacin hunturu ba mutum ya zauna ya haɗiye ƙwaya ashirin ba ne. Wani dattijo ya taɓa zuwa wurina da safe, hannunsa da magani uku: na mura, na ciwon jiki, da farar ƙwaya ta ciwon kai. Kwana huɗu yana shan kowanne sau uku. Da na juya bayan kwalayen na nuna masa, dukansu da farasitamol a ciki. Bai yi ganganci ba, sunayen ne suka bambanta. Don haka ki duba bayan kwalin duk na murar da Baba yake sha, ki lissafa. Kuma mugun halin gubar nan shi ne ba ta nuna kanta da wuri. Ranar farko mutum zai ji tashin zuciya kawai ko ma bai ji komai ba, sai kwana na uku ko na huɗu ido ya yi rawaya, lokacin ɓarna ta riga ta yi nisa. Akwai makarinta, asetilsistin, wanda yake sake cika rumbun, kuma ya fi aiki idan an ba da shi cikin awa takwas na farko. Duk wanda ya sha fiye da ƙima, ko yaro ya sami kwalba ya shanye, a kai shi asibiti a lokacin, ko da yana wasa yana dariya.

To mu dawo kan jinin Baba. Maganin tibi na wata biyun farko haɗin guda huɗu ne: rifamfisin, isoniyazid, firazinamid da etambutol. Daga nan sai wata huɗu na biyun farko kaɗai. Rifamfisin yana da wani hali da ba kowane magani yake da shi ba. Idan ya shiga ƙwayoyin hanta da na hanji sai ya sa su ƙera ƙarin injuna, musamman CYP3A4 ɗin nan, har su ninka sau da yawa. Ba rana ɗaya abin yake faruwa ba, yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya kankama, shi ya sa ba a lura da wuri. Unguwar da take da inji ɗaya ta wayi gari da biyar. Nifedifin da a da rabinsa yake tsallakewa, yanzu ana niƙe shi tun a bangon hanji, abin da yake kaiwa jini bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Baba yana haɗiyar ƙwayarsa kullum ba fashi, amma jijiyoyinsa kusan ba sa ganin ta.

Kin ga ashe akasin abin da maƙwabci ya faɗa ne. Ba cika hantar ta yi ba, sauri ta ƙara. Bisa abin da kika bayyana, wannan shi ne bayanin da ya fi dacewa da hawan jinin, kuma likita zai tabbatar idan ya auna shi ya duba ƙodarsa. Kada ku ninka nifedifin da kanku. Abin da likita yakan yi shi ne ya sauya ko ya ƙara wani maganin hawan jini daga cikin waɗanda ba sa bi ta injinan nan, bayan ya ga gwajin ƙoda da gishirin jini. Ki faɗa masa a sarari: "Likita, Baba yana shan rifamfisin, yana kuma shan nifedifin, jininsa ya hau tun da aka haɗa su." Sau da yawa wanda ya rubuta na hawan jini daban, wanda yake ba da na tibi daban, kowa da katinsa, ke ce kaɗai kike ganin ledar gaba ɗaya.

Ba nifedifin kaɗai rifamfisin yake yi wa haka ba, kuma zan faɗa saboda sauran masu karatu. Amlodifin na hawan jini ma yana raguwa. Ƙwayar tazarar haihuwa ta sha da ashanar da ake sawa a dantse suna iya daina aiki, mace ta ɗauki ciki tana tsakiyar jinyar tibi. Allurar wata uku da robar mahaifa su ba ya taɓa su. Masu ƙwaya ko ashana kuwa sai su ci gaba da kiyayewa har kwana 28 bayan an gama rifamfisin. Mai shan dolutegirabiya na cuta mai karya garkuwar jiki ana ƙara masa ƙwaya ta biyu a yini muddin yana kan maganin tibi. Wafarin na tsinka jini da wasu magungunan suga na baki su ma suna raguwa. Har haɗin atemeta da lumefantirin na zazzaɓi yana raunana ƙwarai, don haka in Baba ya kamu da zazzaɓi kada a saya a kemis, a faɗa wa likita.

Akwai kuma masu yin akasin haka, su tare bakin inji, sauran magunguna su yi cirko-cirko a jini. Wannan ita ce taruwa ta gaskiya, kuma a jini take faruwa. Kilaritiromaisin, eritiromaisin da ketokonazol, magungunan kashe ƙwayoyin cuta, suna toshe CYP3A4. Mai shan simbastatin na kitsen jini in ya haɗa da su tsokarsa tana iya lalacewa. Babban lemon nan mai ɗaci, garehul, yana kashe injin da ke bangon hanji, abin da aka gano a Kanada a 1989 a kan wani ɗan'uwan nifedifin. Ga wanda ya fi kusa da mu: goro. Kafeyin da ke cikin goro da shayi da gahawa wani inji ne daban yake niƙa shi, kuma sifuro, da ake yawan rubutawa don taifot da ciwon mafitsara, yana tare wannan injin. Dattijo zai ci goronsa na kullum, ya kwana ido biyu zuciya tana bugawa, bai san daga ina ba. Hayaƙin taba kuwa ƙara wa injin gudu yake yi, mai tsohon ciki kuma nata yana tafiyar hawainiya, kafeyin ya daɗe a jikinta ninki biyu zuwa uku.

Jan fitsarin kuma, ki kwantar da hankali a kansa. Rifamfisin shi kansa ja ne mai ruwan goro, yana rina fitsari da gumi da hawaye, ba jini ba ne, kuma zai tafi idan an gama magani. Amma ba zan ɓoye miki ba, uku daga cikin huɗun nan, isoniyazid da firazinamid da rifamfisin, suna iya taɓa hanta, kuma watannin farko ne lokacin da aka fi sa ido. Isoniyazid ma ɗan da yake haifa ne mai ɓarnar, kuma saurin sarrafa shi gado ne: masu jinkirin sarrafawa sun fi fuskantar matsalar hanta da kuma jin ƙafa tana zugi ko tana mutuwa, abin da ake ba da bitamin B6 dominsa. Ki koyi bambancewa. Fitsarin rifamfisin yana da haske, yakan fi ja 'yan sa'o'i bayan shan ƙwaya. Fitsarin shawara duhu ne kamar shayin da ya daɗe a wuta, kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba: ƙin abinci, tashin zuciya, amai, ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ƙaiƙayin jiki, kasala. Ki riƙa duba farin idon Baba da safe a hasken rana, ba a hasken ƙwan ɗaki ba. In kin ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada ya sha na ranar, ku wuce asibiti a ranar, ko JUTH a Lamingo, ko Asibitin Ƙwararru na Filato, ko Jankwano, duk wanda ya fi muku sauƙi. Rikicewar tunani ko barcin da ba a saba gani ba, wannan ko tsakar dare ne a tafi.

Ki kuma roƙi a yi masa gwajin aikin hanta da na ciwon hanta nau'in B da C in ba a yi ba. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna wajen mutum 8 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 a Najeriya suna ɗauke da nau'in B, yawancinsu ba su sani ba, kuma mai ɗauke da shi ya fi bukatar a sa masa ido a kan maganin tibi. Ga masu karatu da suke shan burkutu ko goskolo: giya tana ƙara gudun injin nan da yake mayar da farasitamol guba, tana kuma cinye rumbun kariya. Ita da maganin tibi ba sa zama inuwa ɗaya.

Game da na wankin hanta, ba raina maganin gargajiya nake yi ba. Atemisinin da muke kashe zazzaɓi da shi daga ganye aka samo shi a Sin. Damuwata ita ce duk abin da ke cikin jarkar nan, sunansa wanki ko ba wanki ba, ta jijiyar nan zai bi ya shiga layin injinan nan, a hantar da take riga tana fama da magani huɗu. Ba wanda ya auna yawansa, ba wanda ya san wane inji zai tare. Da yawa daga cikinsu gudawa suke sawa a ce datti ne yake fita, alhali gudawar tana iya wucewa da maganin tibi kafin hanji ya tsotse shi. Kuma in ido ya yi rawaya bayan an sha, likita ba zai iya rarrabe mai laifi ba, sai a tsayar da maganin tibi, jinya ta ƙara tsawo. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan. In ana so a taimaki hantar Baba, a ba shi abinci ya ƙoshi, ƙwai, wake, kifi, ganye daga kasuwar Farin Gada, a kuma guji gyaɗa da masara da ƙuli-ƙulin da suka yi fumfuna. Gubar fumfunar nan, aflatoksin, ita ma injinan hanta ne suke mayar da ita abin da yake jawo ciwon dajin hanta, haɗarin kuma yana ninkuwa ga mai ɗauke da nau'in B.

Abu na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa, don lokacin da zai taso kowa yana murnar an gama. Ranar da Baba ya sha ƙwayar tibi ta ƙarshe a wata na shida, ƙarin injunan nan ba za su dawwama ba, za su riƙa raguwa har hanta ta koma yadda take cikin kamar mako biyu. Duk maganin hawan jinin da aka ƙara masa saboda rifamfisin zai iya yi masa yawa a lokacin, jini ya faɗi, jiri ya ɗebe shi idan ya miƙe alwalar asuba. Ki rubuta ranar gamawar a bayan katinsa tun yanzu, ki nemi a ba ku ranar ganin likitan hawan jini a cikin makon, kuma a riƙa auna jinin kowane kwana biyu ko uku har wata guda ya cika.

A gaida Baba da jiki.